Wane harshe za a ɗauka don wasa ƙwaƙwalwa a Disamba?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum yayyena. Advent of Code, gasar warware tambayoyi da shirin kwamfuta da ake yi a Disamba, ya kusa. Ban da Python, wane baƙon harshen kwamfuta ne ya dace a gwada warware tambayoyin da shi? A waya za a yi.

Malamin Yaba: Wa alaikumus salam. Fara da SQL, harshen binciken rumbun bayanai, ƙanena. Ka sauke Termux, manhajar buga umarni a wayar Android, daga kantin manhajoji na F-Droid, ka buga pkg install sqlite a ciki, daga nan ko data ta ƙare aiki bai tsaya ba. Daɗin abin shi ne SQL ba don zagaye (maimaita umarni) aka yi shi ba, dole ka ƙera naka da WITH RECURSIVE. Gwada tambayar farko ta Project Euler, shafin tambayoyin lissafi, wato jimillar lambobin da ke ƙasa da 1000 waɗanda 3 ko 5 ke rabawa daidai:

WITH RECURSIVE t(n) AS (SELECT 1 UNION ALL SELECT n+1 FROM t WHERE n<999) SELECT sum(n) FROM t WHERE n%3=0 OR n%5=0;

Kafin ka yarda da amsar, mayar da 999 zuwa 9. In ba 23 ka gani ba, akwai kuskure. Wanda ya manta sharaɗin n<999 kuwa, lissafin ba zai tsaya ba, waya ta yi ta zafi har caji ya tafi.

Antin Obalende: AWK, harshen sarrafa rubutu, ya fi sauƙin shiga, Malam. Tun 1977 yake, kuma layi-layi yake karanta fayil, daidai yadda tambayoyin ke zuwa. Tarkonsa ɗaya: lamba in ta haura 2 sau kanta 53, sai ya fara ba da amsa kusa da daidai, ba tare da ya yi ƙorafi ba. A gawk, wani nau'in AWK, ƙara -M yana maganin wannan.

Mai Gyara na Ikeja: Duk kun tausaya masa. Wanda ke son gumi na gaske ya je ga BF, wanda Urban Müller ya fitar a 1993. Cikakken sunan ba na faɗa a zaure ba ne. Umarni 8 kacal, da guraben ajiye lamba 30,000 a jere. Ga yadda ake fitar da harafin A, wanda lambarsa a kwamfuta 65 ce:

++++++++[>++++++++<-]>+.

Gurbin farko shi ne maƙirgi, an zuba masa 8. Kowane zagaye ana ƙara 8 a gurbi na biyu, a dawo a rage 1 daga na farko. Gurbi na biyu ya zama 64, a ƙara 1, a fitar da harafin. Cire alamar ragewar nan ka ga zagaye marar ƙarshe. Sannan a yawancin manhajojin da ke gudanar da shi gurbi ba ya ɗaukar sama da 255, yana haurawa ya koma sifili, don haka babbar lamba sai an raba ta gurbi biyu ko uku. A zana guraben a takarda tukuna, da kai kawai mutum ɓata yake yi.

Antin Obalende: Gaskiya ne, amma BF bai dace da tambayoyin Disamba ba, karanta lambobi daga fayil kaɗai zai cinye masa yini. Ya bar shi don ƙananan wasanni a tio.run, shafin gwada shirin kwamfuta.

Ɗan Agege: Na gode ƙwarai, Anti. Ƙarfe nawa tambayar ke fita a nan Legas?

Malamin Yaba: Ƙarfe 6 na safe, daga 1 ga Disamba. Ka kwafe tambayar da bayananta bayan asuba, ka yi ta juya ta a ka cikin cunkoson hanya. In za ka turo mana abin da ka rubuta a WhatsApp, sa shi tsakanin ``` gaba da baya, don kada alamar tauraro ta ɓace ta bar maka rubutu mai kauri.