Wane suna za mu ba tsuntsun nan ruff da Hausa?

Jama'a ina neman taimakonku. Akwai wani tsuntsun bakin ruwa da Turawa ke kira ruff, yana hayayyafa a fadamun arewacin Turai da Rasha, in sanyi ya matso sai ya gangaro Afirka, su Tafkin Chadi da fadamar Hadejia-Nguru da bakin kogin Senegal duk yana sauka garke-garke. Na gaji da rubuta sunan Turanci a littafina duk ranar da na fita kallon tsuntsaye, ina so mu tsayar da suna guda.

Shi ruff ɗin asalinsa sunan wani wuyan riga ne mai tattara da manyan Ingila suke sawa a ƙarni na 16. Namijin ne ke fitar da gashi haka zagaye da wuya wajen Mayu da Yuni, ga tukku biyu a ka, fuska ta yi ƙuraje-ƙuraje ja ko rawaya, kuma da wuya ka ga biyu da launinsu ya zo ɗaya, wani baƙi wani ja wani fari tas. Macen ba ta da ko ɗaya, har sunanta daban ne a Turanci, reeve.

Wani yayanmu ya ce a ce zakaran fadama, kuma gaskiya yaya hujjarka da ƙarfi, don sunan kimiyyar ma Calidris pugnax ne, pugnax ɗin mafaɗaci kenan, mutanen Holand ma zakaran faɗa suke ce masa. To amma macen fa? In muka ce kazar fadama wallahi kowa kazar ruwa zai ɗauka, alhali wannan siririya ce mai dogayen ƙafafu da ɗan ƙaramin kai.

Ni da farko gezau na so, daga geza irin ta rago, sai wata 'yar'uwa ta tuna min da ko gezau, ta ce za a zaci wasa ake. Kin yi gaskiya anti, na janye.

Abin da ya tsaya min yanzu shi ne ɗan geza, macen 'yar geza, jam'i 'yan geza. Na san akwai itacen geza amma ba wanda zai rikita tsuntsu da itace. Na kuma san matsalar, duk wanda ya gan su a Afirka ba zai ga gezar ba, a lokacin duk sun zubar sun koma ruwan toka-toka, baya kamar ɓawon kifi, namiji da mace kaya iri ɗaya. Na taɓa tsayawa da madubin hangen nesa kusan rabin awa a kan garke ɗaya ina neman namiji, da girma kaɗai na raba su, shi yana kai santimita 29 zuwa 32 ita kuma 22 zuwa 26, in suka jera kafaɗa da kafaɗa sai ka rantse ba tsuntsu iri ɗaya ba ne. Kar ka dogara da launin ƙafa, yana canzawa daga ruwan lemo zuwa kore-kore. Duk da haka sunan ya zauna, ai rago ko an aske shi rago ne.

Shi kuma gashin lokacin haihuwar ina ganin kwalliyar barbara ta fi rigar aure da wani ya kawo, don babu auren a nan, mazan taruwa suke a fili ɗaya suna nuna kansu matan su zo su zaɓa su tafi, ita kaɗai ke kwanci da reno. Filin nan da suke kira lek mu ce dandali, kalmar ta shige daidai.

Saura mazan, don iri uku ne. Masu duhun geza da ke tsare wuri mu ce masu fili, su ne mafi yawa. Masu farar geza da ke raɓewa a filin wani, 'yan raɓe. Na ukun shi ne ya fi burge ni, sai 2006 aka bayyana shi, kusan ɗaya cikin ɗari ne, ba ya yin geza sam, kamarsa ɗaya da mace sai dai ya ɗan fi ta girma, da haka yake sulalewa cikin dandali. Turawa faeder suke ce masa. Ni na rubuta mai shigar mata a littafina, in da mai gajeren da ya fi wannan ya kawo kafin in saba da shi.