Wace kalma Rashawa ke kiran mai jin harsuna da yawa?

Hadiza (Zariya):

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na fara koyon Rashanci, kuma malamarmu ta ba mu aikin rubuta ɗan taƙaitaccen bayani a kan wani dattijo daga danginmu. Na zaɓi kakana marigayi, wanda ya yi fatauci tsakanin Kano da Borno, yana jin Hausa da Fulatanci da Barbarci, kuma ya yi karatun Larabci har ya kan fassara wa mutane wasiƙa. Ina neman kalmar da Rashawa ke kiran irin wannan mutumin, da yadda ake furta ta, da yadda zan saka ta a jimla ba tare da na yi kuskure ba.

Malam Bashir (Kaduna):

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan kakanki. Kalmar da kike nema ita ce полиглот. Idan aka bi harufan ɗaya bayan ɗaya za a karanta "poliglot", amma a bakin Rashawa abin da za ki ji shi ne "paliglot", domin nauyin murya yana kan gaɓar ƙarshe, kuma wasalin "o" da babu nauyi a kansa yakan karkata zuwa "a". Wannan ƙa'ida ce ta sa ake rubuta Москва, sunan birnin Mosko, amma a furta "Maskwa". Lokacin da nake karatu a Jami'ar Patrice Lumumba da ke Mosko, wadda aka kafa a 1960, na sha gyara daga malamai a kan wannan wasalin kafin kunnena ya saba.

Asalin kalmar ba Rashanci ba ne. Daga Girkanci ta fito, inda "poli" ke nufin yawa, "glotta" kuma harshe. Abin da ya daɗe yana burge ni shi ne, kamar yadda harshe a Hausa yake nufin tsokar da ke baki da kuma yaren da ake magana da shi, haka язык, wato "yazik", yake ɗaukar ma'anonin biyu a Rashanci, don haka Bahaushe ba ya shan wahalar fahimtar hikimar da ke cikin kalmar.

Game da jimla, tun da kakanki ya rasu, za ki yi amfani da shuɗaɗɗen lokaci, kuma a nan ƙarshen kalmar yakan canza: Мой дедушка был полиглотом, wato "Kakana ya kasance mai jin harsuna da yawa". Kada ki manta da "om" ɗin ƙarshe.

Usman (Kazan):

Malam, Allah ya ƙara girma, bayaninku ya gamsar, sai dai ina da ɗan abin da zan ƙara daga abin da nake gani a nan. A Kazan, babban birnin yankin Tatarstan da ke Rasha, mutane da yawa sun tashi da Tataranci a gida da Rashanci a makaranta, amma ban taɓa jin an kira ɗayansu полиглот ba. Abokin ɗakina haka yake, kuma idan ana maganar irinsu sai a ce билингв, wato mai harshe biyu. A fahimtata, kunnen Barashe ya fi danganta полиглот da mutumin da ya zauna da gangan ya koyi harsunan ƙetare da littafi da ƙamus. Akwai ma wani shirin talabijin mai wannan suna da tashar Kultura ta fara nunawa a 2012, inda Dmitri Petrov yake koya wa ɗalibai tushen harshe guda a darussa 16. Saboda haka, Malama Hadiza, ina ganin ya fi aminci ki rubuta Он владел четырьмя языками, ma'ana "Ya mallaki harsuna huɗu", domin haka suke faɗa a rubutu na hukuma. Ki kuma guji многоязычный, wato mai harsuna da yawa, a nan, tun da an fi amfani da ita wajen siffanta ƙasa ko ƙamus.

Malam Bashir (Kaduna):

Usman, jimlar da ka kawo daidai take, kuma kyakkyawan Rashanci ce, amma ban yarda a hana wannan dattijo sunan da ya cancanta ba. Ma'anar полиглот ita ce mutumin da ya san harsuna da yawa, kuma babu sharaɗin cewa sai a aji ya koye su. Misalin abokinka bai shiga nan ba, domin biyu ba yawa ba ce. Mutumin da ya yi ciniki da Barbarci a kasuwa, ya kwana a rugar Fulani yana hira da su da harshensu, sannan ya zauna gaban malami ya karanci Larabci, ya yi aikin da ya fi na mai haddace darussa 16 wuya. Idan Hadiza tana son ta ambaci fassarar wasiƙun da yake yi, kalmar zamani ita ce переводчик, wato mai fassara, akwai kuma tsohuwar kalma толмач, wadda Rashawa suka aro daga harsunan Turkawa, kuma ta yi kusa da abin da muke kira tafinta.

Hadiza (Zariya):

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Usman. Zan buɗe rubutun da jimlar Malam, sannan in biyo ta da ta Usman, in lissafa harsunan huɗun ɗaya bayan ɗaya, domin malamar ta san waɗanne ne. Abin da ya rage mini shi ne yadda ake rubuta Fulatanci da Barbarci da harufan Rashanci, idan akwai wanda zai taimaka kafin ranar Litinin.