Neman kalmar Hausa: manifesto, kafin shirin gobe

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe 8 na safe ina da shiri kan takardun da jam'iyyu ke fitarwa kafin zaɓe, ba na kuma son in yi ta cewa manifesto. Na rubuta "alƙawuran zaɓe", amma raina bai kwanta ba. A taimaka.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, Hajiya. Alƙawari ya yi kaɗan. Turawan Ingila sun aro kalmar daga Italiyanci a ƙarni na 17, tushenta kuwa Latin ne, manifestus, wato abin da ya fito fili ƙarara kamar a kai hannu a taɓa, don manus hannu ke nan. A dokar Rumawa ta dā, ɓarawon da aka kama dumu-dumu da kayan sata shi ake kira fur manifestus. Ashe bayyanawa ce cibiyar kalmar. Takardar manifesto ta kwaminisanci wadda Marx da Engels suka fitar a Landan a 1848 ba ta neman ƙuri'a ba ce, matsayarsu suka fito da ita fili. Ni "bayanin manufofi" zan ce.

Tsohon ɗan jarida: Kundin manufofi, 'yata. Kunne ya riga ya saba da shi.

Mai kishin Hausa: Bayani Larabci ne. Kullum mu gudu daga Bature mu faɗa hannun Balarabe? Ni na ƙirƙiri "baje-nufi". Yadda ɗan koli ke baje hajarsa a tabarma kowa ya ɗaga ya duba, haka jam'iyya ke baje nufinta. Ya ma fi dacewa da hannun da Malam ya ambata.

Malamin Turanci: Kwatancen ya yi kyau, ɗan'uwa. Amma in za mu kori bayani, sai mu haɗa da littafi da alƙalami da siyasar kanta. Kakanninmu suka karɓe su.

Mai kishin Hausa: Da baje-nufi daga wata jami'a ta fito da tuni kun tafa. Raini ne kawai.

Tsohon ɗan jarida: Babu raini, yaro. Jam'iyyar NEPU ta fitar da takardar Sawaba a Kano a 1950, kuma sawaba ma Larabci ce. Talaka bai tsaya tambayar asalinta ba, ya gane abin da ake nufi.

Direban tasha: Ni dai ku bar mana manifes ɗinmu. Takardar nan da ke zagayawa cikin mota kafin a tashi, biro ɗaure da zare, kowa ya sa sunansa da lambar wani nasa. Ranar da tsautsayi ya faɗa, da ita ake neman dangi.

Malamin Turanci: Tushensu ɗaya, Alhaji. Daga jiragen ruwa ta zo, takardar da ke bayyana wa kwastan abin da aka ɗauko.

'Yar Damagaram: Yaya, ki tuna muna saurare daga nan. A Faransanci manifestation zanga-zanga ce, manif muke cewa. Kina faɗin manifesto, wani zai zaci titi za a fita.

Mai shirin rediyo: Wannan kam ban sani ba, ƙanwata, na gode. Zan tafi da kundin manufofi, in ɗan kawo zancen ɓarawon Rumawa a buɗe shiri. Sai dai har yanzu ban ji bayyanawar a cikin kundi ba, kundi ai rufewa ake yi a ajiye.

Mai kishin Hausa: Abin da nake faɗa tun ɗazu ke nan. To shi ke nan, ki je da kundin. Amma don Allah, Hajiya, ki ambaci baje-nufi ko sau ɗaya, mu ji abin da masu kira za su ce.