Neman kalma kafin Alhamis: me za mu kira "fugra" da Hausa?

Maman Ihsan (Jidda):
Assalamu alaikum jama'a. Agaji nake nema. A asibitin da nake tafinta, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da masu jaka a ciki ta ba ni takarda shafi ɗaya, ta ce in mayar da ita Hausa in naɗa da murya, a riƙa tura wa marasa lafiyarmu ta WhatsApp. Tsofaffinmu ba sa karanta boko, Larabcinsu kuma na kasuwa da masallaci ne, ba na asibiti ba. Takardar kan yadda ake tsabtace fata ne lokacin canja jaka. Ga wanda bai sani ba, akwai waɗanda ake yi wa tiyata a fito da bakin hanjinsu ta fatar ciki, bayan gida ko fitsari ya riƙa zuba a jaka.

Kalmomi uku suka tsaya mini a wuya. Na ɗaya shi kansa wurin: Turawa na cewa sitoma, takardun asibiti fugra da Larabci, marasa lafiya kuma fataha. Na biyu abin nan mai danƙo da ake manna wa fata jakar ta zauna a kai, wanda ake ce wa ƙa'ida da Larabci. Na uku ma'ajun, wani abu mai kauri kamar man goge haƙori da ake zagaya wa wurin. Ranar Alhamis zan miƙa. Don Allah ban da barkwanci, masu abin kunyarsa suke ji.

Bakano a Riyad:
Wa alaikumus salam. Hudar ciki. Ko ramin ciki. An wuce wurin.

Maman Ihsan:
Ɗan'uwa da alama ba ka taɓa gani ba. Ba rami ba ne. Tsoka ce ja mai laima kamar cikin kunci, kuma waje take ɗan turowa, ba ciki ba.

Tsohon Malami (Makka):
Salamu alaikum. Hausa ba ta taɓa rasa kalma ba, masu ita ne suka yi sake. A gidajenmu na ƙasa, a gindin katanga akwai kafar da ake bari ruwan makewayi ya bi ya fita waje. Sunanta wuriya. To mene ne wannan abin in ba wuriya ba? An toshe hanyar asali, an buɗe wata don ƙazanta ta fita. Ki rubuta "wuriyar ciki". Kalma ce tsantsa, babu Larabci babu Turanci a jikinta, kuma ta ɗauki ma'anar duka. Shekara talatin na yi ina koyar da Hausa kafin in zo nan, ban taɓa jin daɗin wata ƙirƙira kamar wannan ba.

'Yar Sinnar (nas, Madina):
Allah gafarta Malam, bari in sa baki, don aikina ne kullum. Ni ba kyan kalma nake dubawa ba, abin da mara lafiya zai je gida ya aikata in ya ji ta nake dubawa.

Akwai wani dattijo da aka sallama daga mustashfa, ɗansa ne ya yi masa tafinta. Daktur ya ce a riƙa tsabtace wurin, yaro ya ce wa uban "a riƙa wanke ciwon". To ciwo ai kowa ya san abin da ake yi masa. Baba ya koma gida, Dettol a ruwa, a dirje, a bi da man zaitun da na habbatus sauda. Da suka dawo, fatar da ke kewaye ta ɗaye ta yi ja kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, kis kuwa, wato jakar, ba ya kwana a jikinsa, don danƙo ba ya kama fata mai maiƙo. Yoyo ya ci fata, fatar da ta ci ba ta riƙe danƙo, sai yoyon ya ƙaru. Haka aka yi ta zagaye har ya daina zuwa jam'i. Kalma ɗaya ce ta jawo duk wannan.

Saboda haka huda, rami, ciwo, miki, duk a kawar da su gefe. Wurin ba ciwo ba ne, ba a jiran ya warke, ba a kuma kashe masa ƙwayoyin cuta. Wuriya kuma ni tsoronta nake ji, don wuriya da tsintsiya da omo ake wanke ta.

Yaya Maman Ihsan, har kalmomin aikatau ɗin ki kula da su. Bahaushe in ka ce masa "wanke" sabulu zai nema, in ka ce "shafa" mai zai ɗauko. Abin da ake so ruwan ɗumi ne kawai da ƙyalle mai laushi. In sabulu ya zama dole, mara turare mara maiƙo, a ɗauraye shi tas. Ban da sifirit, ban da basilin, ban da tishun goge jarirai mai laima, yawancinsa akwai mai a ciki.

Tsohon Malami:
'Yata, na ji bayaninki. Amma dubi abin da kika rubuta: mustashfa, daktur, kis. Da wannan Hausar za a yi mana hukunci a kan wuriya? Abin da ke damuna da yaran nan ke nan, rabin magana Larabci, an ɗaura mata "ne" da "ce" an ce Hausa ce. Ƙamusun Bargery na 1934 yana kan teburina yanzu haka, ku riƙa leƙa irinsa.

Ɗan Mai Wurno:
A'a Malam, a nan kam ba za mu yi shiru ba. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, yau sama da shekara ɗari Hausa ba ta bar bakinmu ba. Mu mun ce mustashfa, ku kun ce asibiti. Asibitin daga ina? Likita daga ina? Daga bakin Bature. Allura da sabulu kuwa Larabci ne da ya daɗe har aka manta. Aron ku halal, namu haram? Ƙamusun da kake tinƙaho da shi ma ai Bature ne ya haɗa.

Bakano a Riyad:
Gaskiya Hausar Kano ita ce ma'auni, ita ake ji a rediyo.

Ɗan Mai Wurno:
Kanon da ake cewa "ina zuwa yanzu-yanzu zan yi calling ɗinka"? Bar maganar nan.

Tsohon Malami:
Ni ba Bakano ba ne ma tukuna, Bakatsine ne, kuma mu muka san Hausa.

Maman Ihsan:
Jama'a an bar jaki ana dukan taiki. Yau Talata.

Hajiya Ta Misfala:
Ni ban yi boko ba, jikata ce take rubuta mini. Amma 'yar nan, ai ke da bakinki kika faɗa tun a farko, kika ce "a fito da bakin hanjinsu". Da na ji haka na gane. Me kuke nema kuma?

Ɗalibi a Jami'ar Madina:
Wallahi Hajiya ta kashe bakin kowa. Kuma abin ya zo daidai, domin sitoma a Girkanci baki take nufi, fugra ma daga fagara ce, wato wangale baki. Sai dai tambaya: mai jakar fitsari fa? Shi ma bakin hanji za a ce?

'Yar Sinnar:
Shi ma. A irin da aka fi yi, guntun ƙaramin hanji ake yankowa a haɗa masa jijiyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda, shi ake fitowa da shi waje. Abin da ido ke gani hanji ne. Na yarda da bakin hanji. Fatar kuma a ce "fatar da ke kewaye da bakin".

Tsohon Malami:
Bakin hanji bayani ne, ba suna ba. Mahauci ma yana da bakin hanji. Wuriya dai.

Maman Ihsan:
Na ji Malam, na ajiye ta a gefe. Mu je ta biyu. Ba zan iya barin ƙa'ida yadda take ba. Na taɓa ce wa wata baiwar Allah "bayan kwana uku ko huɗu ki canja ƙa'ida", ta dube ni ta ce ita ba ta saɓa ƙa'idar likita.

Bakano a Riyad:
Filasta.

'Yar Sinnar:
A'a, za su je kantin magani su sayo filasta ta ɗaure ciwo.

Ɗalibi a Jami'ar Madina:
Mazaunin jaka? Ko gindin jaka, tunda ƙa'ida a Larabci tushe ne.

Hajiya Ta Misfala:
Na ga irinsa wurin maƙwabciyata. Faifai ne, mai huda a tsakiya.

Ɗan Mai Wurno:
Faifan jaka. Wannan ko a Gadarif aka faɗa za a gane.

Tsohon Malami:
Faifai Hausa ce. Ba ni da ja.

Mai Jaka (Makka):
Salamu alaikum. Tun jiya nake karantawa ban yi niyyar magana ba. Shekara shida ke nan da aka yanke mini wani sashe na babban hanji, ina ɗauke da abin da kuke neman wa suna. Bari in faɗa muku yadda nake yi, sai ku zaɓi kalmominku.

Bayan sallar asuba nake canjawa, kafin in sa komai a bakina, lokacin hanji yana kwance. Ina jera komai a tire tukuna: sabon faifai da na riga na yanka, jaka, kofin ruwan ɗumi, ƙyallaye, almakashi, ledar zuba tsohon. Daga sama nake fara ɓamɓarewa, ba fizga ba, ina danna fata da yatsa tana rabuwa da danƙon kaɗan-kaɗan. In ka fizge kamar filasta, da fatarka zai tafi. Sai in juya tsohon faifan in duba bayansa, nan zan ga ko yoyo ya fara shiga ta wani gefe.

Sai in jiƙa ƙyalle in share fatar a hankali. Wani lokaci za ka ga ɗigon jini a ƙyallen in ya taɓa bakin. Ranar farko da na gani na kusa suma, matata ta fara salati. Ashe ba komai ba ne, wurin yana da ƙananan jijiyoyin jini, ɗan kaɗan ne ya tsaya. Wanda ya ƙi tsayawa, ko wanda ke fitowa daga ciki, shi ake kai wa likita. Kuma wurin ba ya jin zafi ko kaɗan, shi ya sa za ka iya ji masa rauni ba ka sani ba. Ki sa wannan a saƙonki, ya fi kowace kalma amfani.

Gashi da almakashi nake rage shi. Sannan busarwa, nan mutane ke gaggawa. Ba gogewa ba, daddannawa da busasshen ƙyalle, in ɗan jira har in taɓa in ji babu sauran laima. Hudar faifan kada ta wuce girman bakin da fiye da milimita 2 ko 3, in ta yi faɗi ƙazanta ta zauna a kan fata, in ta matse ta yanki bakin. Sabon tiyata sai ya riƙa aunawa duk canji, don wurin yana raguwa har mako 6 zuwa 8. In na manna sai in ɗora tafin hannuna kamar minti ɗaya, ɗumin jiki ke sa ya kama. Da sanyi nakan kai kwana huɗu. Da zafin Makka kuwa, gumi ba ya bari in wuce biyu ko uku.

Akwai hoda ta musamman ta masu jaka, ba a sa ta sai in fata ta ɗaye tana tsattsafo da ruwa, a barbaɗa a kakkaɓe saura. Ki ce musu ba hodar kwalliya ba ce, ba ta jarirai ba.

Maganar suna, a gidana "ƙofa" muke cewa, yarana sun san in na ce zan duba ƙofa a ba ni bayi. Bakin hanji bai ɓata mini rai ba. Amma Malam, da girmanka, da ranar da na farfaɗo aka ce mini an yi mini wuriya a ciki, ban san ko zan sake fita cikin mutane ba.

Hajiya Ta Misfala:
Allah ya ƙara lafiya ɗana, ya sa kaffara ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maman Ihsan:
Amin. Yaya, Allah ya saka da alheri, na kwashe "share", "daddanna" da "ɓamɓare" duka. Saura ma'ajun.

Bakano a Riyad:
Gam ne ai. In ba a so, a ce toshiya, tunda toshe kafa yake yi.

Ɗan Mai Wurno:
A bakin hanji? Toshiyar baki ke nan.

'Yar Sinnar:
Gam kam a'a. Ba ya manna komai, cike lotsawar fata yake yi don kada ruwa ya sami hanya. Masu ɗaukarsa gam su ne ke lafta shi da yawa, faifan ya ƙi zama. Wani ma yana da sifirit a ciki, yana raɗaɗi a fatar da ta ɗaye.

Ɗalibi a Jami'ar Madina:
Yaɓe? Liƙi?

Mai Jaka:
Yaɓe zai sa a shafe fatar duka da shi. Siririn layi ake yi. Ni dai ma'ajun nake cewa a kantin magani a ba ni.

Tsohon Malami:
Bawan Allah, ka yafe ni, ban yi nufin cin fuska ba. Na janye wuriya daga saƙon marasa lafiya, amma ban janye ta daga Hausa ba, kuma har gobe ina nan a kan cewa bakin hanji bayani ne. Ma'ajun kuwa ban yarda ba. Ku ba ni mako guda.

Maman Ihsan:
Malam ba ni da mako. Na naɗa yanzu bayan isha'i: bakin hanji, faifan jaka, ma'ajun kuma na bar shi, na ƙara da cewa ba gam ba ne, ba kuma na goge haƙori ba. Na kunna wa surukata, ta maimaita mini duka daidai, sai dai ta tambaya ko za a iya yi da ruwan Zamzam.

'Yar Sinnar:
Ki ce mata ruwa ne, a ɗan ɗumama shi kawai. Amma ta tambayi malamai ko ya dace a share najasa da shi, wannan ba fannina ba ne.

Tsohon Malami:
"Cikon gefe". Ku gwada faɗarsa sau uku ku ji.