Ina ƙuri'un Buhari miliyan 12 suka tafi a zaɓen 2023?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, ina roƙon masu bibiyar alƙaluma su warware mini. An sha cewa marigayi Muhammadu Buhari yana da ƙuri'a miliyan 12 a aljihu, domin ya samu kimanin hakan a 2003 a ANPP, ya sake samu a 2011 a CPC, sannan bayan haɗakar da ta haifi APC ya haura miliyan 15 a 2015 da 2019. Amma Bola Tinubu, ɗan takarar jam'iyyar nan dai, ƙuri'a 8,794,726 ya ci zaɓe da su. A nan Kano, inda Buhari ya samu fiye da miliyan 1.9 a 2015, APC ta tashi da 517,341 kacal. Shin masu zaɓen ne suka sauya saboda matasa sun yi yawa, ko kuwa ƙawancen manya ne ya watse?

Bazazzagi:

Wa'alaikumus salam, Malam. A ganina waɗannan ƙuri'u ba su taɓa zama mallakin jam'iyya ba, na mutum ɗaya ne, shi ya sa a wancan lokaci ake cewa a yi "sak", wato a dangwala wa duk wanda ya raɓe shi. Da sunansa ya bar takardar zaɓe sai kowa ya koma gidansa. Kanawa sun ba Rabi'u Musa Kwankwaso 997,279, kusan kashi biyu cikin uku na duk abin da ya samu a ƙasar. Atiku Abubakar ya ɗauki Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Bauchi da Gombe da Yobe, har da Katsina, jihar Buhari, wadda ya ci da ratar da ba ta kai 7,000 ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, Tinubu ya ci riba ne da zuwa na biyu. Jigawa da Zamfara kaɗai ya ci a Arewa maso Yamma, duk da haka ƙuri'un da ya tara a wannan shiyya sun fi waɗanda ya samu a shiyyarsa ta Kudu maso Yamma, saboda gwamnonin APC sun riƙe masa kaso mai tsoka ko a jihohin da ya faɗi.

PDP kuwa ita ce ta fi jin jiki. Atiku da Peter Obi tare suka tsaya a 2019 suka samu fiye da miliyan 11, Kwankwaso ma yana tare da su. A 2023 su ukun nan kowa ya kama gabansa, kuma idan aka haɗa ƙuri'unsu sun zarce miliyan 14. Kudu maso Gabas, wadda take bin PDP tun 1999, ta koma wa Obi gaba ɗaya, sannan gwamnonin PDP biyar ƙarƙashin Nyesom Wike na Ribas suka juya wa Atiku baya.

Hajiyar Tudun Wada:

Malam Bazazzagi, bayaninka ya gamsar, sai dai ka tsallake waɗanda suka fi kowane ɗan takara yawa, wato waɗanda suka zauna a gida. Mutum fiye da miliyan 93 ke cikin rajista, amma ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai miliyan 25 ba, kimanin kashi 27 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta tun 1999. Ni a rumfar zaɓenmu na ga wannan da idona. A 2015 layin mata sai da ya zagaye katangar makaranta, tsofaffi suka zo da tabarmi da butoci, wasu ba su bar wurin ba sai da aka ƙirga ƙuri'a da fitilar waya. A 2023 kafin azahar layin ya ƙare. Maƙwabciyata mai tuyar ƙosai, wadda a da take tashin mu tun asuba mu je mu kama layi, ta ce mini ba za ta je ba, domin ta yi kwana uku tana neman tsabar kuɗin sayen wake a lokacin canjin kuɗi ba ta samu ba. Ba ta koma wata jam'iyya ba, zuciyarta ce ta yi sanyi, kuma ina da yaƙinin cewa irinta sun fi waɗanda suka sauya sheƙa yawa.

Haka kuma kada a raina batun addini. Tikitin Musulmi da Musulmi na APC ya taimaka wajen tura Kiristocin Arewa da dama wurin Obi, ya ci Filato da Nasarawa da Abuja, ya kuma samu kusan 300,000 a Kaduna. Da yawansu a baya PDP suke yi.

Mai Nazari daga Gusau:

Game da matasa, Yaya Ɗan Fagge, ya kamata a yi taka-tsantsan. Hukumar zaɓe ta ce masu shekara 18 zuwa 34 sun kai kusan kashi 40 cikin ɗari na masu rajista, amma yawa a rajista daban, fitowa ranar zaɓe daban, kuma matasan ba alƙibla ɗaya suka fuskanta ba. Na Legas da Abuja sun mara wa Obi baya, har ya doke Tinubu a Legas da ƙuri'a ƙasa da 10,000, na Kano kuma jar hula suka sa. Kowannensu ya gaji da manyan jam'iyyu biyu, sai dai kowa ya nemi mafita a wurin wanda ya sani. Ga kuma matsalar cewa rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, don haka duk mai magana kan yadda birane suka cika ko yawan matasa ya ƙaru, a kan kiyasi yake tafiya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zaɓen gwamnoni na 18 ga Maris, mako uku kacal bayan nan. Mu a Zamfara mun ba Tinubu rinjaye, sannan muka kayar da gwamna mai ci na APC muka zaɓi Dauda Lawal na PDP. Katsinawa sun ba Atiku, suka dawo suka zaɓi Dikko Raɗɗa na APC. Wannan ya nuna mini cewa zamanin "sak" ya wuce, mai ƙuri'a yanzu yana duba kowace kujera da idonta.

Ɗan Fagge:

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Hajiya, maganarki ta sa na koma na duba alƙaluman Kano. Idan aka haɗa ƙuri'un Kwankwaso da Tinubu da Atiku da Obi a jihar, ba su kai abin da Buhari shi kaɗai ya samu a 2015 ba, alhali masu rajista sun ƙaru a tsawon shekarun nan takwas. Ina roƙon duk wanda ya yi aikin zaɓe a ƙauyukan Kano ko Jigawa ya faɗa mana ko a karkara ma haka layin ya ragu.