Zafi ya hana barci: in saka sola ko in ci gaba da janareta?

Ɗan Gumel: Salamu alaikum, masu ido biyu. Ƙarfe biyu saura, ina tsakar gida kan tabarma, ɗaki ya zama tanda. Shawara nake nema. Na sayar da riɗina, akwai dubu 450 a hannu, a ciki zan sayi taki. Inna na da hawan jini, tun shigowar bazara ba ta runtsawa. Fanka biyu, ƙwan fitila uku da cajin waya kawai nake so. Ina da ƙaramin janareta, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai jefi-jefi nake tayar da shi. In sayar da shi in haɗa sola, ko in lallaɓa da sayen mai har ruwa ya sauka?

Mai Shayin Tasha: Wa alaikumus salam. Saka babba mai ɗaukar firiza, ka riƙa sayar da ƙanƙara. Kafin damina kuɗinka ya dawo.

Ɗan Gumel: Yaya, da dubu 450 ɗin?

Mai Gyaran Wuta: Ƙyale shi. Nemi fanka ta DC, wato mai aiki kai tsaye da wutar batir, mai cin kamar wat 20. Biyu a awa 10 wat-awa 400 ke nan. Batir 12V 100Ah yana riƙe wat-awa 1,200, ka ci rabi ka bar rabi don ya yi ƙarko. Farantin sola ɗaya mai wat 300 da kwantirola mai daidaita cajin batir sun ishe ka, ba ruwanka da inbata mai mayar da wutar batir irin ta NEPA. Janaretan kuma kada ka kusantar da shi tagar Inna, hayaƙinsa na kisa cikin barci.

Maman 'Yan Biyu: Hmm. Ƙanena, ji nawa tukuna. Bara na sayar da tumaki biyu da kuɗin adashina, wani yaro ya zo daga Kano ya haɗa mana. Batirin kaɗai dubu 280, yana ƙyalli a kwali. Makon farko har maƙwabta ke kawo caji. Kafin kaka, fanka ba ta kai sha biyun dare. Da aka duba, ashe tsoho ne aka wanke aka manna masa sabuwar takarda. Lambar yaron a kashe har yau. Maigida kullum sai ya yi min gori. Farantin ma na saukar na kai ɗaki, don an sace na gidan liman.

Bahaɗeje: Dubu 280? Hajiya an yanke ki. A Sabon Gari 190 na sayi nawa.

Mai Gyaran Wuta: 190 sai dai ɗan gwanjo. Wane girma ma?

Bahaɗeje: Ban sani ba, babba dai.

Maman 'Yan Biyu: Malam mai gyara, ku ne ai. Wancan ma haka ya zo da lissafi tiryan-tiryan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai Gyaran Wuta: Haba Hajiya, ni ban ce ya saya a wurina ba. Ya sa a gwada batirin da kaya a kansa, a gabansa, ya karɓi rasit.

Mai Shayin Tasha: Ni solata mafici ne. Bai taɓa neman batir ba, sai dai hannu ya gaji.

Ɗalibi: Ku ɗaga kai ku huta da rigima. Rashin wutar nan ya sa taurari sun fito fes, a birni ba ka ganin rabinsu. Ina jin Kaza da 'ya'yanta nake kallo yanzu.

Baba Manomi: Ɗana, ba Kaza ba ce. A wannan lokacin tun wajen isha take faɗuwa yamma, nan gaba kaɗan ma ta ɓace. Da sanyi ake ganinta a tsakiyar sama. Mahaifina in ta ɓace sai ya fara wasa fartanya. Ɗan Gumel, kada ka taɓa kuɗin taki. Yayyafa wa tsakar gida ruwa da magariba, ka ɗaura wa Inna gidan sauro a waje.

Ɗan Gumel: Baba, ta ƙi kwanan waje, kunama take tsoro.

Bahaɗeje: Duk laifin masu wuta ne. Watanni tiransifomarmu na lalace, an karɓi dubu biyar-biyar gida-gida, shiru. Amma takardar bil ba ta fashi, mita kuwa babu.

Maman 'Yan Biyu: Ku dubu biyar? Mu bakwai muka ba da, sau biyu.

Ɗalibi: Ai ko a Oktoban 2024 da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, Arewa ta yi kwanaki a duhu, mu a ƙauyenmu ba mu ga bambanci ba.

Bahaɗeje: To wa ya riƙe kuɗin naku, Hajiya? Mu na wajenmu ya sayi babur.