Neil Young ya kyauta da ya kulle Homegrown shekara 45?

Sani: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakana, mawaƙi Neil Young, ɗan asalin Kanada, bai kyauta wa masoyansa ba. Ya gama naɗar faifansa Homegrown tsakanin ƙarshen 1974 da farkon 1975, ya kulle, sai watan Yunin 2020 ya sake shi. Ku saurari "Separate Ways" da ta buɗe faifan, ku ji yadda Levon Helm, makaɗin ƙungiyar The Band, ke taɓa ganga a hankali a bayan muryar. Helm ya rasu a 2012, bai ga fitowar aikin hannunsa ba.

Hajiya Rabi: Malam Sani, ka duba dalili mana. A lokacin ne zaman Neil Young da Carrie Snodgress, uwar ɗansa na fari, ya watse, kuma waƙar a kan rabuwar take. Ya faɗa da bakinsa cewa ba ya iya sauraron faifan. Ciwon mutum ai ba bashi ba ne da za mu bi shi.

Sani: Hajiya, to me ya fitar a madadinsa a 1975? Tonight's the Night, faifan makokin abokan aikinsa Danny Whitten da Bruce Berry, waɗanda ƙwaya ta kashe. Wanda ya iya rera mutuwar abokansa a bainar jama'a, rabuwa ce za ta gagare shi? Kuma da zai saki Homegrown, shi da kansa ya nemi afuwar masu sauraro.

Hajiya Rabi: Nan ne fa ka kauce. Whitten da Berry sun riga mu gidan gaskiya, waƙa ba za ta ƙara musu zafi ba. Carrie kuwa tana raye, tana rainon yaro ƙarami. Ka ɗauka ƙanwarka ce, ta kunna rediyo ta ji sirrin ɗakinta a bakin duniya. Sai a 2004 ta rasu. Ni wannan shirun nasa ya fi min waƙar daraja, ko da kansa kawai ya yi don ya kare.

Bashir: Yaya Sani, kulle ɗin ma ba duka ba ne. "Love Is a Rose" da ke faifan, mawaƙiya Linda Ronstadt ta rera ta tun 1975. "White Line" ya sake naɗa da ƙungiyar makaɗansa Crazy Horse a faifan Ragged Glory, 1990. Da alama waɗanda suka fi sosa masa rai ya riƙe.

Sani: Su ɗin nake nema, ƙanena. Na yarda da Hajiya har zuwa 2004. Daga nan zuwa 2020 shekara 16 ce, wa yake karewa?

Hajiya Rabi: Ɗan yana nan, Malam Sani. Uwarsa ce ake rerawa.

Bashir: Ni abin da ya kwantar min da hankali, da ransa ya buɗe akwatin, da hannunsa. Mawaƙi Prince ya rasu a 2016 bai bar wasiyya ba, wasu ne yanzu ke zaɓar abin da zai fita daga taskarsa.

Sani: Wannan kuma muhawara ce ta daban, Bashir. Amma a kan shekara 16 ɗin nan, Hajiya, ban gamsu ba tukuna.